Kafin Mu Ɗinka Wa Sabon Likita Babbar Riga, Mu Dubi Ƙafarsa



Bara war haka mun halarci walimar wata 'yarmu a Agege, wadda ta gama karatun likita aka rantsar da ita. An cika an batse, an yi addu'a, an ci an sha, kowa bakinsa har kunne. Da aka zo kan kyaututtuka sai muka ga atamfofi da leshi, sarƙa, agogo, jakar hannu, har da takalma masu tsini ƙafa uku daga wajen ƙannen mahaifiyarta. Can sai wata dattijuwa, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ta miƙo baƙar leda. Da aka buɗe sai ga kambas baƙi mai faɗin baki da safa guda shida. Wasu 'yan mata a gefe suka ƙyalƙyale da dariya, wata ma ta ce, "Hajiya, ai likita ce ba 'yar ƙwallo ba." Dattijuwar ba ta ce uffan ba, murmushi kawai ta yi. Mu ma da muke wurin, gaskiya, ba mu ɗauki kyautar a bakin komai ba.

Wata huɗu da fara aikinta muka haɗu da mahaifinta a bakin masallaci. Muka tambayi Dokta, sai ya girgiza kai ya ce, "Wallahi yarinyar nan in ta dawo daga kwanan asibiti ko sallama ba ta iya yi da ƙarfi. Ruwan ɗumi take zubawa a roba ta tsoma ƙafa, wani lokaci a nan barci yake ɗauke ta. Da asuba kuwa in ta sauko daga gado, sai ta dafa bango kafin ta iya taka dunduniya." Kambas ɗin nan da aka yi wa dariya, yana can ƙarƙashin gado a ledarsa, domin ta ji kunyar sa shi. Wani siririn takalmi mai laushi kamar fatar albasa take zuwa aiki da shi, saboda ya fi dacewa da abaya.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan abin da wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba. Mu a ganinmu ya kai. Mun daɗe muna kukan cewa 'ya'yanmu ba su da yawa a aikin asibiti a nan Kudu, matanmu suna zuwa haihuwa ba mai jin yarensu, tsofaffinmu suna kasa bayyana ciwonsu sai an nemo tafinta. Yanzu Allah Ya sa sun fara fitowa, daga Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabon Ibadan, Shagamu, Fatakwal da sauran wurare. Mun kashe kuɗi, mun yi haƙurin shekara shida ko fiye, har da yajin aikin malaman jami'a a tsakani. To in mun kai yaro wannan matsayi, bai kamata mu bar ƙafarsa da bayansa su lalace tun bai kai shekara talatin da biyar ba.

Da yawanmu hoton likita da ke cikin kanmu shi ne mutum zaune a kan kujera mai juyawa, ga fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, yana rubuta magani. Wannan hoton rabin gaskiya ne, kuma na manya ne. Sabon likita a Najeriya, bayan Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa ta ba shi lasisin wucin gadi, sai ya yi shekara guda cur yana horon aiki a asibiti, wata uku-uku a sassa huɗu: sashen cututtukan manya, tiyata, yara, da na mata da haihuwa. A wannan shekarar shi ne ɗan aike. Da safe za a fita zagayen duba marasa lafiya, babban likita a gaba, su a baya, gado bayan gado, a tsaye, wani lokaci har azahar. Ana gamawa shi zai ɗebi jini, shi zai bi sakamako a ɗakin gwaji, shi zai je neman jini a ma'ajiyarsa, shi zai raka mara lafiya ɗaukar hoto, ya dawo ya sa wa wani ruwa. Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibitin koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, ko na Legas da ke Idi-Araba, wanda ya fara aiki a 1962, ya san faɗin irin waɗannan wurare. Daga wannan sashe zuwa wancan tafiya ce sosai, ga hawa bene ga sauka. Mai jinya yakan yi wannan zirga-zirga na mako guda ya koma gida yana cewa ya gaji. Likita kullum ne.

Sannan ga kwanan aiki. Wanda kwana ya faɗo kansa zai shiga da safe, ya wuni, ya kwana, gari ya waye ya ci gaba da aikin ranar kamar wanda ya yi barci a gidansa. In kuma tiyata ce, ana iya yin awa huɗu, shida ko fiye a tsaye wuri ɗaya, ƙaramin likita yana riƙe da ƙarfen buɗe ciki, ba damar ko gyara tsayuwa sosai. Bayan shekarar horo da bautar ƙasa, wanda ya shiga neman ƙwarewa zai ƙara wasu shekaru biyar ko shida a kan wannan tsari. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisi a ƙasar nan kusan 55,000 ne, ga al'umma sama da miliyan 200, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Ma'anar wannan a ƙasa ita ce, aikin mutum uku ya koma kan ƙafar mutum ɗaya. Abin ya kai ga a 2025 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta umarci 'ya'yanta da kada su ƙara wuce awa 24 a jere suna kwanan aiki. Ku duba fa, awa 24 ita ce sassaucin da ake nema.

Mu Hausawan Kudu bai kamata a yi mana dogon bayani a kan tsayuwa ba. Mai shayinmu a tsaye yake kwana. Mai tsire haka. Mahautanmu a mayankar Oko-Oba tun kafin asuba suke cikin ruwa da jini. 'Yan dakon Mile 12, masu gadi, masu tura baro, kowa ya san yadda ƙafa take yi in dare ya yi, jiki magayi. Bambancin kawai, in mai shayi ya gaji zai iya jawo benci ya zauna, in hankalinsa ya rabu biyu iyakarta ya zuba sukari fiye da kima. Likitan da dunduniyarsa ke masa zugi da ƙarfe ukun dare yana lissafin maganin da zai sa wa jariri ne. Ba muna cewa takalmi ne ke sa a yi kuskure ba. Muna cewa gajiya tana taruwa ne daga wurare da yawa, kuma ciwon ƙafa yana cikin waɗanda ake iya ragewa da kuɗi kaɗan. Wanda yake jin zafi a jikinsa haƙurinsa gajere ne. Wasu daga cikin tsawar da muke ƙorafin ana yi mana a asibiti, in an bi salsala, daga tafin ƙafa suka taso.

Ƙafar ɗan Adam ba guntun katako ba ce. Kowace ɗaya tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, ga jijiyoyi da tsoka sama da ɗari suna riƙe da su. A ƙarƙashin tafin akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya ta tafi har gindin yatsu, ita ce take riƙe da lanƙwasar nan ta tsakiyar ƙafa kamar tsirkiyar baka. In aka yi ta ɗora mata nauyi a kan daɓe mai tauri ba tare da abin da zai tallafe ta ba, sai ta fara ciwo daidai inda ta manne da ƙashin dunduniya. Alamarta ita ce wadda mahaifin 'yarmu ya faɗa ba tare da ya san sunanta ba: takun farko da safe kamar an taka ƙusa, in an ɗan yi tafiya ya lafa, da yamma ya dawo. Ciwo ne mai naci, yakan ɗauki watanni kafin ya rabu da mutum. Kuma daɓen asibiti, tayil ne ko siminti, ba ya sassauta wa kowa.

Na biyu shi ne jini. Zuciya tana tura jini ƙasa cikin sauƙi, amma dawowarsa sama daga ƙafa sai da taimakon tsokar sha-raɓa, wadda take matsa jijiyoyi duk lokacin da aka yi taku. Mutum in yana tsaye cik, matsin jini a jijiyar idon sawunsa yakan kai kusan 90 a ma'aunin likitoci, in ya fara tafiya sai ya sauko ƙasa da 30. Shi ya sa tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya gajiyarwa, shi ya sa kuma ƙafa take kumbura da yamma. In aka ɗauki shekaru a haka, wasu sai jijiyoyin ƙafarsu su fito ruɗu-ruɗu, su kanannaɗe, musamman mata da suka yi ciki suna wannan aiki. Daga nan ciwon yakan haura: wanda ƙafarsa ke ciwo zai canza taku, gwiwa ta karɓa, ta miƙa wa ƙugu, ƙugu ya miƙa wa gadon baya.

To a nan ne laifinmu yake. Mu mutane ne masu son kwalliya, kuma ba aibi ba ne. Amma mun ɗauki ma'aunin ɗaurin aure mun kai shi asibiti. In muka ga likita da sau-ciki mai tsinin baki yana ƙyalli, sai mu ce wannan shi ne babban. In muka ga wani da kambas ko takalmin roba mai kama da kwale-kwale, sai mu ce a kira mana likita, wannan ai yaro ne ko mai shara. Mun sha jin wannan da kunnenmu a layin ganin likita, kuma da Hausa ake faɗa, ana zaton ba ya ji. 'Ya'yanmu sun san wannan halin namu, shi ya sa suke shiga takalmin da ke cin ƙafarsu don kada a raina su. Matan kuma abin ya fi yi musu yawa, domin ana sa musu ido a gida, ana sa musu a unguwa. Wata uwa ta taɓa cewa a gabanmu, ita ba za ta bari 'yarta ta fita da "takalmin maza" ba, me dangin miji za su ce? Dangin miji ba su ne za su tsaya awa goma sha biyu a ɗakin haihuwa ba.

Wane irin takalmi ne ya dace? Farkon abin dubawa ba laushi ba ne, rufi ne. Takalmin asibiti dole ya rufe yatsu da bayan ƙafa gaba ɗaya, domin abin da ke faɗowa ƙasa a can ba ruwan shayi ba ne. Allura ce da aka cire daga jikin wani, reza ce ta tiyata, jini ne, ruwan haihuwa ne, amai ne. Ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna bin jini. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, duk shekara sai ya kama ma'aikatan lafiya. Mazauna Legas kuma ba mu manta da 2014 ba, lokacin da Ebola ta shigo ta ci ran Dokta Stella Adadevoh da wasu abokan aikinta. Tun daga lokacin kowa ya ga dalilin da ya sa kayan kariya suke haɗawa har da dogon takalmin roba. Saboda haka silifas da fade, duk daɗinsu a zafin Legas, ba na cikin ɗakin marasa lafiya ba ne. Kambas mai saman raga shi ma yana da wannan rauni, iska tana shiga amma jini ma yana shiga, kuma ba ya gogewa. Ya yi daidai da ranar ganin marasa lafiya a ofis. Ranar sashen gaggawa ko ɗakin haihuwa, mai saman fata ko roba da za a iya gogewa da Jik ya fi.

Sai ƙasan takalmin. A juya shi a duba: roba ce mai zane da za ta kama jiƙaƙƙen tayil, ko sumul yake kamar faranti? Sau-cikin zuwa biki yawanci ƙasansa sumul ne, kuma a asibiti kullum ana goge daɓe. Bayan haka a riƙe shi da hannu biyu a lanƙwasa. Takalmin kirki a daidai gindin yatsu yake lanƙwasawa, inda ƙafa take lanƙwasawa. Wanda ya naɗe a tsakiya kamar tabarma, ko aka murɗa shi ya murɗu kamar tsumma, ba abin da zai tallafa. A matsa bayan dunduniyar da yatsa, ya kamata a ji ta da ƙarfi. Tudun dunduniya kuma kaɗan ake so, kamar santimita biyu zuwa uku. Mai tsini yana tura nauyin jiki duka kan yatsu, wanda yake shafal kamar takarda kuma yana ja wa jijiyar dunduniya. Mutane da yawa sun ɗauka in dai takalmi ba shi da tudu to lafiyayye ne, wannan kuskuren ne 'yarmu ta yi.

Bakin takalmin ya zama mai faɗi, yatsu su baje. Wannan ya shafe mu musamman, domin yawancinmu da silifas da fade muka tashi, ƙafarmu ta saba da sakewa, ta fi faɗi a gaba. In aka cusa ta cikin takalmin da aka yanka don siririyar ƙafa, sai kanta, bororo da farcen da ke shiga nama. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. A je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, a sa irin safar da za a riƙa sawa, a gwada ƙafa biyun domin da wuya su zo daidai, a yi tafiya a cikin shagon. Kuma kada a yarda da zancen mai shago cewa "zai buɗe". Takalmin da ya matse ka a kasuwa, a asibiti kuka zai sa ka.

Kan batun Crocs, wanda yanzu ya zama kamar rigar makarantar likitoci, ra'ayinmu a rabe yake, kuma gara mu faɗa. Kamfanin Amurka ne da ya fara a 2002, kuma asalin takalmin don masu shiga jirgin ruwa aka yi shi. Ba shi da nauyi, bakinsa da faɗi, ana wanke shi cikin minti ɗaya, ana zare shi a yi alwala a mayar. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma irin wanda ya cika kasuwa mai huji-huji ne a sama, kuma allura ba ta neman izini kafin ta bi ta huji. Saboda haka ne wasu asibitoci a Turai suka hana shi. Akwai samfurin da ba shi da huji wanda aka yi don masu aiki, shi ya kamata a nema. Sannan a riƙa sa maɗaurin bayan, domin in ba a sa ba yatsu ne suke ƙanƙame takalmin duk wuni, ga shi in an kira gaggawa ba a iya gudu da shi. A tsayuwar tiyata yana da kyau. A ranar da za a yi ta zirga-zirga daga bene zuwa bene, kambas mai igiya da ya kama ƙafa ya fi shi. Wani abu kuma, kada a shanya shi a rana ko a bar shi cikin mota, zafi yana sa shi ya tsuke.

Za a ji ana ambaton sunaye, Skechers, Asics, New Balance, Hoka, Birkenstock na Jamus mai shimfiɗar toto. Duk suna da masu yabonsu. Mu dai ba tallan kowa muke ba, kuma tsada ba ita ce shaida ba. Mai shafaffen tafin ƙafa da mai zurfin lanƙwasa ba abu ɗaya suke buƙata ba. Abin da ya yi wa abokinka daɗi kai yana iya hana ka barci. Ga kuma jabu da ya cika gari, suna iri ɗaya, kamanni iri ɗaya, amma soson ciki mako uku ya kwanta. Da yawan yaranmu, da yake albashin farko ba ya zuwa da wuri kuma in ya zo masu jiransa sun fi shi yawa, gwanjo suke nufa, Katangowa ko Yaba. Ba laifi, mu ma can muke zuwa, kuma ana dacewa. Sai dai takalmin gwanjo samansa yakan yi kyau alhali ƙasansa ya mutu. Masu gudu suna canza kambas bayan kilomita 500 zuwa 800, domin soson ya daina dawowa. Wanda aka kawo a dila wataƙila wani ya riga ya cinye wannan tafiyar a Ingila kafin ya jefar. A danna soson da yatsa, a duba ko ya yi tamoji a gefe, a ajiye shi a kan tebur a ga ko ya karkata ɓangare ɗaya. In ya karkata, takun wani ne zai koya wa ƙafarka.

Ƙafa biyu ake so, ba ɗaya ba, a riƙa musanyawa, ɗaya yana hutawa yana bushewa. A damshin Legas da Fatakwal takalmin da aka kwana a cikinsa ba ya bushewa kafin gobe. Wanda zai yi alwala ya ajiye ɗan tawul a aljihu ko jaka, ya tsane tsakanin yatsu kafin ya mayar da safa, in ba haka ba sai ƙaiƙayi da ruɓewar tsakanin yatsu su biyo baya. Takalmin aiki kuma ya tsaya a wurin aiki, ko aƙalla a bakin ƙofa cikin leda, kada a shigo da shi ɗakin da yara suke rarrafe. Akwai kuma doguwar safa mai matse ƙwauri da ake sayarwa a manyan kantunan magani, tana rage kumburi sosai ga mai doguwar tsayuwa da mai juna biyu. Amma wannan ba a ce kowa ya saya wa tsohonsa ba: mai ciwon sukari ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai sai ya tambayi likita tukuna.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mana da muka tayar da zancen a majalisa. Wani ɗan uwa ya ce, ana maganar albashi, ana maganar wutar lantarki a ɗakin tiyata, ana maganar likitoci suna guduwa Saudiyya da Ingila, ku kuna maganar takalmi? Yana da gaskiya, kuma ba za mu yi masa musu ba. Babu takalmin da zai mayar da awa talatin ta zama takwas. Wanda ya ba likita kambas mai kyau ya ce ya ci gaba da aikin mutum uku, bai yi masa adalci ba. Amma albashi da ɗaukar ma'aikata suna hannun Abuja da gidajen gwamnati, iyakarmu mu yi kira. Takalmi kuwa yana hannunmu yau ɗin nan. In rufin ɗaki yana yoyo kuma mai gida ya ƙi gyarawa, ba a ƙin tara roba don ana jiran kwano.

Duk da haka akwai kason da yake na hukumomin asibiti, kuma bai kamata a ɗauke musu ba. Takalmin shiga tiyata kayan kariya ne kamar safar hannu da takunkumi. Yaranmu suna ba mu labarin wuraren da za ka tarar da tulin takalman roba a bakin ƙofa, na kowa da kowa, wani ƙafar dama lamba 45 ta hagu 41, wani a tsage, wani da jiƙar wanda ya cire yanzu. Mace mai ƙaramar ƙafa ta shiga cikin na ƙato ta tsaya awa biyar. Wannan ba sai an jira kasafin kuɗin tarayya ba. Haka kujerar zama mai tsawo a ɗakin tiyata da shimfiɗar roba mai laushi a inda ake doguwar tsayuwa. Haka kuma manyan likitocin da suke tilasta wa ƙanana sa sau-cikin fata mai tauri wai don kwarjini, ya kamata su sassauta. Baƙin takalmi mai tsabta, rufaffe, ya isa mutunci. Abin da muka faɗa a kan likita kuma ya hau kan nas da ungozoma da masu tura gado da masu shara, waɗanda ma sun fi shi taku kuma ba su kai shi samu ba.

Wani abin da ke ba mu takaici shi ne, wannan sana'ar gidanmu ce. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka yi ƙarnoni suna kira fatar Maroko, don ta can take bi ta isa gare su. Majemar Kano har gobe tana aiki, masana'antun Sharaɗa da Challawa suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifen, a Samarun Zariya akwai cibiyar gwamnati sukutum ta binciken fata. Dukawanmu na Ƙofar Wambai sun iya yanka da ɗinki, a nan Legas ga kasuwar fata a Mushin, ga Ariya'ariya a Aba inda ake ƙera takalma ba adadi. Kusan kowane lungu na Legas akwai ɗanmu da akwatin gyaran takalmi a kafaɗa. Amma duk basirar ta tafi kan takalmin ango da na sallah. Ba mu ga wanda ya zauna da likitoci da nas goma ya auna ƙafarsu, ya tambaye su inda ke musu ciwo, ya fitar da rufaffen takalmin fata mai faɗin baki, mai ƙasan roba da ba ya santsi, mai shimfiɗar ciki da ake cirewa a wanke ba. Fatar kirki tana numfashi fiye da roba, tana gogewa, kuma in ƙasan ya cinye ana canza shi a nan bakin titi. Masu saye suna nan a kowane asibiti, kuma duk shekara sai sun sake. Matasanmu da suka koyi wannan sana'a, ga kasuwa tana kallonku. Sai dai a yi shi da gaskiya, kada a liƙa kwali a ciki a rufe da fata.

Mu koma kan 'yarmu. Da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wata babbar likita a sashensu ta dubi ƙafarta ta ce mata, "Ke da kanki kin san sunan abin da ke damunki, me kike jira?" Ta koma gida ta jawo ledar nan daga ƙarƙashin gado. Ba a rana ɗaya ta warke ba. Sai da ta haɗa da miƙa tsokar sha-raɓa safe da yamma da murza tafin ƙafa a kan gorar ruwa mai ƙanƙara, aka ɗauki watanni. Mahaifiyarta da kanta ta je gidan tsohuwar nas ɗin ta yi mata godiya, ta kuma tambaye ta inda ta saya don a ƙaro na biyu.

Bana muna da yara uku da muka sani a unguwanninmu da za su gama, mace biyu namiji ɗaya, ban da masu karatun nas. Shawararmu ga iyaye da 'yan kwamitin walima ita ce, cikin kuɗin da za a tara na kujeru da rumfa da abinci, a ware na takalmin aiki ƙafa biyu da safa. Kada a saya a ɓoye don a ba su mamaki, ba a yi wa ƙafa haka. A ba su kuɗin a hannu a ce na takalmi ne, ko wani babba ya raka su kasuwa bayan la'asar, ya tsaya har su gwada.